Ranar da Kwamfutar Malam Ya'u Ta Yi Shiru

Ranar Talata, sha huɗu ga Agusta, shekarar 2001, gari ya waye a Funtuwa da yayyafi. Ba ruwa mai ƙarfi ba ne, irin siririn nan ne da yake jiƙa mutum bai ankara ba. Na riƙe ranar ne domin da safiyar nan kwamfutar maƙwabcinmu Malam Ya'u ta daina magana. Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu. Abin da zan ba ku labari, wani na gani da idona, wani kuma 'ya'yansa suka gaya mini. Ku biyo ni a hankali, domin a ƙarshe akwai hukuncin da zan nema a wurinku.

Malam Ya'u tsohon safiyo ne, ya yi shekara talatin yana awon filaye. Bayan ya ajiye aiki, hawan jinin ido ya ɗauke masa gani. Wata ƙungiyar makafi ta ba shi kwamfuta irin ta tafi-da-gidanka, baƙa, mai nauyin gaske, tare da wani ɗan kati da ake zura mata a gefe. Katin nan shi ne bakinta. Duk abin da Malam ya buga, sai ya karanta masa. Muryar ta Turawa ce, Hausarta kuma abin dariya, amma Malam ya saba da ita har yana kiran ta Baturena. Wanda ya zo ya daidaita masa komai wani malamin makarantar makafi ne, Malam Luka, kuma ya rasu shekara biyu kafin wannan rana.

Wata biyar Malam ya yi yana rubuta wasiƙa guda ɗaya a cikin kwamfutar nan, da abin saurare a kunnensa don kada kowa ya ji. Wasiƙar ta ƙaninsa ce, Sama'ila, wanda yake zaune a Kumasi. Rabonsu da magana shekara ashirin da shida, tun wata kalma da Malam ya faɗa masa ranar da aka binne mahaifiyarsu. Iyakar abin da muka sani ke nan. Ga shi likita ya sa masa ranar tiyatar mafitsara a Zariya, Litinin mai zuwa, kuma ya ce idan aka wuce wannan rana sai bayan wata huɗu, jikin kuwa ba zai jira wata huɗu ba. Malam ya ce ya ji, amma shi ba zai kwanta a yanka shi ba sai wasiƙar ta bar hannunsa. Saura shafi ɗaya ya gama.

Ga yadda aka yi ta yi shiru. Zazzaɓi ya kwantar da Malam mako uku. Matarsa, Inna Tabawa, tana tsoron tsawa ƙwarai, duk damina takan cire wayar rediyo da ta fanka da zarar hadari ya haɗu. Da ta ga Malam ba ya taɓa kwamfutar, sai ta zare mata waya, ta zare babban batirinta, ta naɗe ta a cikin zanenta mafi tsada, ta sa a ƙasan adaka. Da Malam ya ji sauƙi aka fito da ita. Ya kunna, fankar cikinta ta juya, fitila ta kama, Bature bai ce uffan ba.

"Malam, ni fa don kada tsawa ta ƙone maka ita na ɓoye," in ji Inna.

"Na sani, Tabawa. Kin ɓoye ta da kyau har ta manta da ni."

'Ya'yansu uku ne. Saude ce babba. Ta yi shekara goma sha bakwai tana aikin haɗa tarho kafin a kawo injin da ya karɓe aikin. Da yake 'yar fari ce, Malam ba ya kiran sunanta, sai dai ya ce Babba. Mudi ne mai bi mata, mai gyaran agogo a bakin kasuwa, wanda ya bar makaranta tun aji uku na sakandare, abin da ya daɗe yana sosa wa Malam rai. Sai auta, Ramlatu, wadda ta gaji uban, tana zanen taswirar filaye a Katsina.

Saude ce ta fara isowa. Ta durƙusa ta ce, "Baba, ka faɗa mini in rubuta da hannu. Wallahi abin da ya shiga kunnena ba zai fita ta bakina ba."

"Ban yi miki shakka ba, Babba. Amma abin da ke ciki ba na kunnen ɗa ba ne. Ba zan tsaya gaban 'yata in lissafa laifina ba."

Ya kuma kafa sharaɗi. Duk wanda zai taɓa kwamfutar ya taɓa, amma kada wanda ya buɗe wasiƙar.

To, ga abin da Mudi ya yi.

Kafin ya iso daga kasuwa, Saude ta riga ta kira wani mai shagon buga takardu a bakin tasha. Mutumin ya danna nan, ya danna can, ya ce babu makawa sai an kai ta Kano an wanke ta, a zuba mata sabon aiki. Mudi ya shigo jiƙe, ya tsaya a bakin ƙofa ya ji. Ya tambaya ko wankin zai bar abin da ke ciki. Mutumin ya ce a'a, komai zai tafi. Mudi ya ɗauke kwamfutar daga gabansa ya rungume, ya ce an gode, Allah ya saka da alheri.

"Kai da ka gudu daga aji uku, kai za ka gyara kwamfuta?" in ji Saude.

"Yaya, ke da kika gama, ai ga ta nan."

Ya kunna ta ya zuba ido. Bai fahimci yawancin Turancin da ke gudu a fuskarta ba, amma ya ga abu ɗaya da ya sani. Kwamfutar ta ce yau ɗaya ga Janairu, 1980, ƙarfe sha biyu daidai. Ya gyara lokacin, ya kashe, ya zare waya, ya sake kunnawa. Ta koma 1980.

"Baba, lafiyarta lau," ya ce. "Akwai agogo a cikinta, kuma batirin agogon ya mutu."

"Mudi, wannan ba agogon bango ba ce."

"Duk abin da ke riƙe lokaci, akwai abin da ke ciyar da shi. Ka bar ni in buɗe."

Malam ya ce ya buɗe. Mudi ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya sa gilashinsa na ido ɗaya, ya kwance ƙusoshi ashirin da uku, ya jera kowanne a inda ya fito. A ƙarƙashin madannai ya sami batirin, 'yan ƙananan ƙwayoyi uku a cikin koriyar leda, sun tsufa. Muddin kwamfutar tana jikin wuta suna samun ɗan abin da za su rayu. Mako ukun da ta yi a adaka ya ƙarasa su. Kuma ba lokaci kaɗai suke riƙewa ba. Yawancin tsarin da Malam Luka ya yi su suke riƙe da shi, da suka mutu sai ta koma kan tsarin da ta fito da shi daga kamfani.

Babu irin batirin a Funtuwa. Ranar Laraba Mudi ya rufe shago, ya shiga motar farko zuwa Zariya, bai samu ba, ya wuce Kano. Ya bi rumfunan Sabon Gari cikin taɓo, yana nuna 'yar koriyar leda, ana girgiza masa kai. Daga ƙarshe ya sami wani mataccen tarho marar waya a wurin masu kayan gwangwan, ya farke shi, ya auna batirinsa ya ga ƙarfinsu ɗaya, sai dai ya fi girma. Ya dawo kafin la'asar, ya liƙa masa siraran wayoyi da dalma, ya samo masa gurbi a wani lungu na cikin kwamfutar, ya mayar da ƙusoshi ashirin da uku. Ya gyara lokaci, ya kashe, ya zare waya, ya ƙirga ɗari, ya kunna. Ta ce Laraba, sha biyar ga Agusta. Amma Bature bai yi magana ba, kuma da an zura katin sai komai ya tsaya cik. Nan ilimin Mudi ya ƙare, ya kuma faɗi haka da bakinsa.

Ga kuma abin da Saude ta yi.

Ta ji kunyar abin da ta kusa jawowa. Ta koma adakar Inna ta tono littafin da ya zo da kwamfutar, wanda ba a taɓa buɗewa ba. Ta zauna a tabarma da tabarau, ta fara daga shafin farko. Ba ta taɓa aiki da kwamfuta ba. A can wajen ƙarshe ta tarar da wani jadawali, lambobi daga sifili zuwa sha biyar, kowace lamba da sunan abin da aka ba ta. Ɗaya ta madannai ce. Huɗu ta ramin jona waya da ke bayanta. Biyar ta na'urar sauti da aka gina a ciki. Shida ta faifai. Bakwai ta firinta. Ta daɗe tana kallo, sai muka ji ta yi dariya.

"Inna, kin tuna ɗakinmu na haɗa tarho? Ni kaɗai a zaune, layuka rututu a gabana. Duk wanda ya ɗaga waya fitilarsa ta kama, sai in katse abin da nake yi in amsa masa. Da fitilar nake sanin ko wane ne. To ita ma haka take. Ƙwaƙwalwarta ɗaya, masu kira da yawa, kowa da layinsa."

"To me ya hana ta amsa wa Baturen?"

"Idan aka ɗaura gida biyu a fitila ɗaya, wa zan amsa wa?"

Ta zare katin ta juya bayansa. A jikin wata 'yar takarda da ta kusa gogewa, an buga cewa katin yana kira ne ta layi na biyar, ba ya sauyawa. Kamfani kuwa ya ba na'urar sauti layi na biyar. Ashe Malam Luka ya taɓa raba su, mutuwar batir ta sake haɗa su.

Littafin ya nuna mata madannin da ake riƙewa lokacin kunnawa, a shiga shafin da ake rabon layuka. Da safiyar Alhamis ta shiga. Kwamfutar ta ba ta zaɓi, a mayar da na'urar sauti layi na bakwai ko na goma. Bakwai ne ya fara fitowa, Mudi ya ce ta danna kawai a wuce wurin.

"Bakwai da mai shi," ta ce. "Na firinta ne. In na ba na'urar sauti shi, Bature zai yi magana, wasiƙa kuma ba za ta fito a takarda ba. Ka taɓa ganin an sasanta rigimar gida biyu da tayar da ta gida na uku?"

Ta bi jadawalin da yatsa har ta tabbata goma babu kowa a kai, ta ba na'urar sauti goma, ta adana. Ko minti biyar ba a yi ba aka ɗauke wuta, babban batirin kuma ya riga ya gaji, kwamfutar ta mutu. Da wuta ta dawo wajen hantsi, rabon Saude yana nan yadda ta bar shi. Ta dubi ƙaninta ta ce, "Aji uku, ka yi aiki." Aka zura katin. Wannan karon kwamfutar ba ta tsaya nan take ba. Bature ya yi wani ɗan tari, ƙiƙ, sai haruffa suka watse a fuskarta kamar an zubar da gero, ta sake sumewa. Saude ta karanta littafin har bango, ba ta sami maganin wannan ba.

Saura Ramlatu.

Ta iso daga Katsina daidai lokacin, ko mayafi ba ta cire ba. Ta saurari yayyenta har suka gama, ta karɓi littafin. Bayan jadawalin Saude akwai wani, wanda Saude ta wuce domin lambobinsa haɗe suke da haruffa. Na memori ne, wato filin da kwamfuta take baje aikin da take yi a lokacin. Ramlatu ta ga an yanka filin kashi-kashi, kowane kashi da inda ya fara da inda ya ƙare, wannan na fuska, wannan na umarnin kamfani, wannan na kowa da kowa. Shi ma katin akwai ɗan filin da yake bukata, nasa shi kaɗai.

"Wannan ai fuloti ne," ta ce. "Yaya ta ba shi layin kira, amma an sauke shi a filin da wasu ke gini."

A shafin rabo akwai wurare shida da za a iya sauke katin. Mudi ya ce a gwada su ɗaya bayan ɗaya. Ramlatu ta ƙi. Ta ce duk sanda kwamfutar ta suma tana tsakiyar aiki, ba ta san abin da take takawa ba, kuma wasiƙar Baba tana ciki. Daga kan kujerarsa Malam ya ce, "Auta, me na koya miki kafin a fara awo?"

"A nemo turakun wanda ya riga ka, Baba."

Ta lura cewa duk sanda aka kunna, wasu layukan rubutu suna wucewa da gudu kafin komai ya tashi. Waɗannan ba a batir suke ba, a faifan ciki suke, don haka ba su goge ba. Ta yi zaton Malam Luka ya killace wa katin wuri, kuma shaidar tana cikinsu. Sai dai ƙiftawar ido suke yi su ɓace, ita kuma ba ta san yadda ake tsayar da su ba. Ta zare katin, ta ɗauko fensir. Ta kunna, ta kama harafi biyu, ta rubuta, ta kashe da sauri kafin wasiƙar ta buɗe kanta, domin Malam Luka ya tsara ta riƙa buɗe rubutun ƙarshe da aka yi aiki a kansa. Ta sake kunnawa. Na ƙirga mata sau talatin da huɗu. Idonta ya yi ja yana hawaye, Inna ta kawo mata fura ba ta taɓa ba.

Da ta haɗa abin da ta kama, sai ga iyaka biyu, D800 da DFFF. Ta ɗauko takarda mai gida-gida ta zana filin gaba ɗaya. A wurin zanen ta gane cewa ƙidayar nan ba a goma take juyawa ba, bayan tara sai A har zuwa F, sannan a koma. Ta sanya kowane mai fili a filinsa, ta ga wurin da Malam Luka ya killace yana nan fayau babu kowa, kamfani kuma ya sauke katin a D000, can tsakiyar filin jama'a. Ta shiga shafin rabo ta mayar da shi inda aka tanadar masa. Ta zura katin, ta yi bisimilla, ta kunna.

Bayan la'asar ne, muna zaune mu shida. Sai muka ji murya ta fito tangaran, da Hausar nan tata mai karkata: "Zuwa ga ɗan'uwana Sama'ila. Bayan gaisuwa, ni ne..."

Ramlatu ta fizgi abin sauraren ta cusa a raminsa, muryar ta yanke. Saude ta riga ta toshe kunnuwanta da tafin hannu. Mudi kuwa har ya kai tsakar gida, ya bar takalminsa. Malam ya miƙa hannu aka ba shi, ya sa a kunne. Ya daɗe yana saurare, sannan ya ce, "Bature, ka sha barci." Muka fita muka ja masa ƙofa.

Da safiyar Juma'a ya gama. Shi da kansa ya danna aka buga, firinta ta yi ta kuka har shafi huɗu. Sai wata damuwa ta taso. Idan tawada ta bushe fa, aka aika farar takarda har Kumasi? Duk wanda ya duba zai karanta. Malam ya yi murmushi ya ce a kira masa Tabawa. Inna ba ta yi boko ba, ko harafi ɗaya ba ta sani ba. Ta goge hannu a zane, ta ɗaga kowane shafi ga hasken taga, ta duba sama da ƙasa.

"Baƙi ƙirin, Malam. Duka huɗun."

Ya ninke ya sa a ambulan ya liƙe. Ni aka ba na rubuta adireshi, wai rubutun malamar makaranta ba ya ɓata a hanya.

Ana shirin fita Saude ta ɗauko takardar asibiti don a duba abin da za a tafi da shi ranar Lahadi, jajibirin tiyata. A ƙasa an rubuta cewa mutum ɗaya tak ake bari ya zauna da majinyaci. Inna ciwon ƙafa ya hana ta. Nan take gardama ta tashi. Saude ta ce ita ce babba. Mudi ya ce namiji ne zai iya ɗaga Baba. Ramlatu ta ce ta riga ta ɗauki hutun mako biyu, kuma ba ta ga wanda zai mayar da ita Katsina ba. Malam ya bar su suka yi mai isarsu, fuskarsa cike da jin daɗi, sannan ya ce wanda ya dawo masa da muryar Bature shi zai zauna da shi. Kowannensu ya dubi sauran biyun.

Muka tafi gidan waya da ƙafa, Malam a tsakiya da sandarsa, rana ta fito bayan kwana uku. Aka manna kan sarki. Ya ce kada kowa ya karɓar masa. Ya lalubi bakin akwatin da yatsunsa, ya riƙe ambulan ɗin a wurin har na fara zaton ya fasa, sannan ya sake shi. Muka ji faɗuwarsa a ciki. Ya sauke numfashi, ya ce yanzu likita ya yi aikinsa.

Sai ya juyo inda ya ji motsina. "Malama, ke kika saba raba maki. Raba mana."

Na ba shi amsa a ranar, domin ba a barin dattijo tsaye a rana. Amma har yau ban natsu cewa na yi daidai ba. Ba don Mudi ba, da an wanke wasiƙar a Kano, kuma duk gyaran da aka yi da ya goge da ɗaukewar wuta. Ba don Saude ba, da katin yana ta kira babu mai amsawa, ko kuma ya amsu firinta ta mutu. Ramlatu kuwa, ita ta tarar da aiki ya tsaya a hannun mutum biyu, a hannunta kuma murya ta fito.

To, ku da kuka ji duka, wane ne a cikin ukun nan ya dawo da muryar, har ya cancanci kujerar da ke gefen gadon mahaifinsa?